Cikakken antibodi, Fab, minibodi ko nanobodi: wanne za a ɗauka don hoton sankara?

Ɗauki misalin mace mai sankarar mama da ta riga ta bazu: ƙari biyu a hanta, ɗaya a ƙashin baya, wasu a kaluluwar ƙirji. Shekaru uku da suka wuce an ciri ɗan nama daga maman, gwaji ya nuna akwai HER2, furotin ɗin nan da maganin trastuzumab ke kamawa. Abin da likita ke son sani yanzu shi ne, waɗannan sababbin ƙarin suna ɗauke da HER2 ɗin, ko sun zubar da shi a hanya? Allurar cirar nama wuri ɗaya take shiga, kuma ba ko'ina take kaiwa ba. A gwajin ZEPHIR da aka yi a Beljiyam da Holan, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2016, an ɗauki hoton mata 56 da aka tabbatar cewa sankararsu mai HER2 ce. Kashi 29 cikin ɗari hotonsu bai nuna HER2 sosai ba, kashi 46 kuma wani ƙarin ya kama, wani bai kama ba, a jikin mace ɗaya.

Wannan giɓin ne hoton antibodi yake son cikewa. Antibodi furotin ne na garkuwar jiki da ke gane abu ɗaya tak ya manne masa. Sai a liƙa masa aisotof, wato ƙwayar zarra mai fitar da radiyeshan, a yi wa majiyyaci allura, a jira, sannan na'urar PET ko kyamarar gama ta nuna duk inda ya je ya tsaya, daga kai har ƙafa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1978 David Goldenberg ya nuna hoton sankara a jikin mutane da antibodi mai ɗauke da aidin-131, shekaru uku bayan Köhler da Milstein sun gano yadda ake samar da antibodi iri ɗaya zalla a ɗakin gwaji.

Inda ake rasa tudun dafawa shi ne girman abin da za a saka. Cikakken antibodi, ko rabinsa, ko hannunsa ɗaya, ko ɗan guntun da aka samo daga jinin raƙumi? Rubutun nan na likitan sashen nukiliya ne, da mai harhaɗa magungunan radiyeshan, da ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, da kuma ɗan uwan majiyyacin da aka ambata masa irin wannan hoto a wani asibitin waje yake son ya san abin da zai tambaya.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuma mafi girma shi ne agogo, kuma agogo biyu ne. Akwai na jiki: tsawon lokacin da furotin ɗin ke ɗauka kafin ya bar jini. Muddin yana yawo a jini da yawa, ƙarin ba zai fito a hoto ba ko da ya kama, kamar a kunna aci-balbal da rana tsaka. Sai kewayensa ya yi duhu ake ganinsa. Akwai kuma agogon aisotof, wanda ake aunawa da rabin wa'adi, wato lokacin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Galiyam-68 minti 68 ne. Fulorin-18 minti 110. Teknishiyam-99m awa 6. Tagulla-64 awa 12.7. Indiyam-111 kwana 2.8. Zirkoniyam-89 awa 78, kimanin kwana uku da ɗan wani abu. Aidin-124 kwana 4.2.

Dole agogon nan biyu su yi tafiya tare. In ka liƙa teknishiyam ga furotin da sai bayan kwana biyar zai bar jini, rabin wa'adi ashirin ya wuce ke nan, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin miliyan ba, babu abin da kyamara za ta gani. In kuma ka liƙa zirkoniyam ga ɗan guntun da ke fita cikin awa ɗaya, ka ɗora wa ƙoda radiyeshan na kwanaki a banza.

Na biyu, ta ina yake fita daga jiki? Matatar ƙoda tana barin furotin da bai kai kusan kilodalton 60 ba (kilodalton ma'aunin nauyin furotin ne) ya wuce. Abin da ya fi haka girma hanta ce ke kula da shi. Duk gaɓar da ke fitar da shi za ta yi haske a hoto, ta ɓoye ƙarin da ke cikinta ko kusa da ita. Saboda haka kafin ka zaɓi furotin, ka san inda kake neman ƙarin.

Na uku, haɗari: yawan radiyeshan da majiyyaci zai sha, da yiwuwar jiki ya ƙi furotin ɗin. Don kwatance, ɗan Adam na shan kimanin milisibat 2.4 (ma'aunin radiyeshan da jiki ya sha) a shekara daga ƙasa, iska da sararin sama.

Sai kuɗi da kayan aiki, wanda ya haɗa da ko ana bukatar saikulotiron, wato babbar na'urar da ake ƙera aisotof da ita, da ko kyamarar gama kaɗai za ta wadatar. Sai ɗorewa: ya yake jure ajiya, zafi da jinkirin jirgi? Na ƙarshe, hujja: an gwada shi a kan mutane nawa, kuma wata hukumar magunguna ta amince da shi?

Cikakken antibodi

Nauyinsa kilodalton 150, siffarsa kamar harafin Y: hannu biyu masu kamawa da ƙafa ɗaya. Ƙafar nan, da ake kira Fc, ita ce silar daɗewarsa. Akwai mai karɓa a bangon jijiyoyin jini da ke cafke ta ya mayar da antibodin cikin jini maimakon a narkar da shi, shi ya sa rabin zamansa a jini ke kai kusan mako uku.

Amfanin wannan daɗewa a bayyane yake. Yana zagayawa sau da yawa, kowane zagaye ya bar wani abu a ƙarin, kuma da hannu biyu yake riƙewa. A cikin duk zaɓin nan babu wanda ke taruwa a ƙari kamarsa. Wani amfanin da ba a cika faɗa ba: sau da yawa shi ne ainihin maganin da za a ba majiyyaci. In ka liƙa zirkoniyam-89 ga trastuzumab, hoton yana nuna maka inda ainihin maganin ke zuwa, ba inda wani mai kama da shi ke zuwa ba. Masu bincike a Groningen ta Holan ne suka fara fitar da sakamakon wannan a jikin mata a 2010. A can ne kuma aka gwada atezolizumab, wani maganin antibodi na tayar da garkuwa, mai zirkoniyam, aka fitar da sakamako a 2018.

Farashinsa shi ne jira. Allura yau, hoto bayan kwana huɗu zuwa bakwai. Ga wanda ya taso daga nesa, wannan kuɗin masauki ne da abinci, ko tafiya biyu. Ga wanda ciwonsa ke gudu kuma, mako guda ba ƙaramin abu ba ne. Radiyeshan ma ya fi na sauran: allurar da aka saba bayarwa, megabekarel 37, tana kai kusan milisibat 17 zuwa 20, wato fiye da ninki biyu na hoton FDG, hoton PET da aka saba yi da sukari mai radiyeshan. Hanta da saifa suna haske, zuciya da manyan jijiyoyi ma ba sa yin duhu gaba ɗaya. In zirkoniyam ya kuɓuce daga maƙalarsa, ƙashi yake nufa, wanda kan iya rikita mai karanta hoto idan ƙari a ƙashi ake nema.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ba sababbin shiga mamaki. In aka ba mace da ba ta taɓa shan trastuzumab ba ɗan kaɗan daga mai radiyeshan shi kaɗai, hanta da gutsattsarin HER2 da ke yawo a jini za su kwashe shi kafin ya isa ƙarin. Shi ya sa a Groningen suka gano sai an kai adadin furotin miligiram 50 ga wadda ba ta kan maganin, miligiram 10 kuma ya isa ga wadda take kai.

Ta fuskar kayan aiki, sai da PET. Zirkoniyam a saikulotiron ake yin sa, amma tsawon ransa na nufin za a iya ɗauko shi a jirgi daga wata ƙasa ya iso da sauran ƙarfi. Shi kansa antibodin a ƙwayoyin dabba ake rainonsa, aiki mai tsada, kuma ba ya rabuwa da firji.

Hujja mafi ƙarfi a wannan rukuni ta girentuximab ce, wanda ke kama furotin CAIX a kan nau'in kansar ƙoda da ya fi yawa. A gwajin ZIRCON, mataki na uku, da aka yi wa mutane kusan 300 masu ƙari a ƙoda, ya gano kansar a kusan kashi 86 na masu ita, ya kuma wanke kusan kashi 87 na waɗanda ba ita ba ce. Lura da dalilin da ya sa cikakken antibodi ya dace a nan: ba ta ƙoda yake fita ba, don haka ƙodar ba ta rufe ƙarin da haskenta.

F(ab')2 da Fab

Waɗannan su ne tsofaffin gutsattsari, kuma ba a bukatar ilimin sarrafa ƙwayar gado don yin su. Ka zuba wa antibodi pepsin, sinadarin narkar da abinci na tumbi, zai cinye ƙafar ya bar hannaye biyu a haɗe: F(ab')2 ke nan, kusan kilodalton 110. Ka zuba masa papain, wanda ake samu daga ƙaron ɗanyar gwanda, zai raba shi gida uku, hannu ɗai-ɗai da ƙafa: kowane hannu Fab ne, kilodalton 50. Da wannan yankan na papain Rodney Porter ya gano fasalin antibodi, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1972.

Da zarar ƙafa ta tafi, daɗewa ta tafi. F(ab')2 kan ba da hoto bayan kwana ɗaya zuwa biyu, kuma har yanzu hannu biyu gare shi, riƙonsa bai lalace ba. Tagulla-64 ko indiyam-111 ne abokan tafiyarsa. Fab ya fi sauri, ya dace da teknishiyam, amma hannu ɗaya gare shi: yana kamawa yana saki, abin da ke taruwa a ƙari bai kai na cikakke ba. Kuma ya faɗa ƙasa da ma'aunin matatar ƙoda, don haka ƙoda na haske ƙwarai.

Ya kamata a tsaya a kan tarihinsu, domin su ne aka taɓa sayarwa a kasuwa aka ga ƙarshensu. A 1996 hukumar FDA ta Amurka ta amince da CEA-Scan, gutsuren Fab' mai teknishiyam don neman kansar hanji da ta dawo, da kuma Verluma, Fab mai teknishiyam don wani nau'in kansar huhu. CEA-Scan a kwalba yake zuwa a bushe, a zuba masa ruwan teknishiyam, cikin 'yan mintuna ya haɗu, a ɗauki hoto bayan awa biyu zuwa biyar. Ya kuma magance wata matsala da ta addabi magabacinsa OncoScint, cikakken antibodin ɓera mai indiyam da aka amince da shi a 1992. Jikin mutane da yawa kan ƙera garkuwa a kan furotin ɓera, abin da ke hana a maimaita allurar ya kuma ɓata wasu gwaje-gwajen jini. Da aka cire ƙafar, masu wannan matsala suka koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari.

Duk da haka babu ɗayansu a kasuwa yau. An janye CEA-Scan daga Turai a 2005. Ba guba ce ta kore su ba, hoton PET na FDG ne ya zo ya fi su gani. Kyamarar gama da wuya ta rarrabe abin da bai kai santimita ɗaya ba, PET kuwa tana sauka zuwa milimita huɗu ko biyar. In tambayarka ita ce "ina ƙarin yake?", FDG ya amsa ta da kyau, da araha. Wannan tarihi ya sa nake ganin duk wanda zai kashe kuɗi a kan gutsuren antibodi ya fara tabbatar da cewa tambayarsa ba irin wadda FDG ke amsawa ba ce.

Inda Fab da F(ab')2 suka rage da daraja shi ne sauƙin farawa. Ɗakin gwaji mai matsakaicin ƙarfi zai iya sayen kwalbar trastuzumab, ya yanka ta, ya tace, ya liƙa aisotof. Abin lura shi ne tsafta da daidaito: yankan yau ba lallai ya zo daidai da na gobe ba, kuma abin da za a saka wa mutum a jijiya ba a yi masa "ai ya yi kusa".

Minibodi, dayabodi da scFv

Su waɗannan ba yanka su ake yi ba, ƙera su ake yi daga ƙwayar gado. scFv shi ne bakin hannun kawai, sassa biyu da aka ɗaure da ɗan zare na furotin, kilodalton 25 zuwa 28. Shi kaɗai ba ya burge ni: hannu ɗaya, saurin fita, ga son dunƙulewa a kwalba. In aka gajarta zaren, biyu sukan rungumi juna su zama dayabodi, kusan kilodalton 55, mai hannu biyu, mai ba da hoto a rana ɗaya ko washegari.

Minibodi ya fi su nisa a gwajin mutane. Kilodalton 80 ne, scFv biyu da aka ɗora a kan ɗan yanki na ƙafar, aikin da Anna Wu da abokan aikinta a Kalifoniya suka shahara da shi. Girmansa ya haura matatar ƙoda, amma ba shi da abin da ke sa a mayar da shi jini, sai ya tsaya tsakiya: hoto bayan awa 24 zuwa 48. Wanda ya fi jan hankali shi ne mai kama CD8, alamar da ke kan sojojin jinin da ke kashe ƙwayoyin kansa. Ba ƙarin yake nunawa ba, yana nuna ko sojojin sun shiga cikinsa, tambayar da ke da nauyi ga mai shan magungunan tayar da garkuwa masu tsadar gaske. An fara gwada shi a jikin mutane a Amurka, cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York na cikin waɗanda suka jagoranta. Saifa da ɓargo na haske sosai da shi, domin can sojojin suke zaune.

Nakasunsa a wurinmu: galibi da zirkoniyam ake haɗa shi, kamfanoni ne ke riƙe da shi, kuma samunsa sai ta hanyar shiga gwaji.

Nanobodi

A 1993 masu bincike a jami'ar Vrije ta Brussels, ƙarƙashin Raymond Hamers, suka ba da labarin wani abu da suka gani a jinin raƙumi: wani kaso na antibodinsa ba shi da ƙananan sarƙoƙin da na mutum da na ɓera ke da su. Bakin hannunsa sashe ɗaya ne tak, kuma shi kaɗai yana kamawa da ƙarfi. Wannan sashen shi ne nanobodi, kilodalton 12 zuwa 15, kashi ɗaya bisa goma na cikakken antibodi. Dangin raƙumi na Kudancin Amurka, lama da alfaka, su ma suna da shi, kuma da su aka fi aiki a Turai. Ba a yanka dabbar. Allurar furotin da ake son kamawa ake yi mata na wasu makonni, a ɗebi ɗan jini, a zaɓi ƙwayar gadon da ta fi kamu, daga nan ƙwayoyin E. coli ko yis su ci gaba da samar da shi a tulun ɗakin gwaji.

Sauri ne jarinsa. Yana ratsa ƙari cikin mintuna, abin da bai kama ba ƙoda ta kwashe. A gwajin farko da aka yi a Brussels wa mata 20, wanda ya fito a 2016, nanobodi mai kama HER2 da galiyam-68 ya ba da hoto mai kyau minti 60 zuwa 90 bayan allura, radiyeshan kuma kimanin milisibat 4.6. Kwatanta da kwana biyar da milisibat 18 na trastuzumab mai zirkoniyam, a kan furotin iri ɗaya. Majiyyaciya ta zo da safe, kafin azahar ta tafi. Kuma za a iya maimaitawa bayan 'yan makonni a ga ko magani ya canza wani abu. Wani abin kuma, wurin da wannan nanobodi ke kamawa a jikin HER2 daban yake da wurin trastuzumab, don haka wadda ke kan maganin ma za a iya yi mata hoton.

Ga ɗorewa ba shi da na biyu a jerin nan. Yana jure zafi fiye da cikakken antibodi, ana busar da shi a kwalba, kuma samar da shi a ƙwayoyin bakteriya ya fi araha nesa ba kusa ba. Galiyam-68 ba ya bukatar saikulotiron: daga janareta ake tatsar sa (ba na wuta ba, wata tukunya ce mai rufin darma da uwar aisotof ke ciki), kuma uwar, jamaniyam-68, rabin wa'adinta kwana 271 ne, janareta ɗaya kan yi kusan shekara. Sai dai yana da tsada, kuma tatsa ɗaya mutum biyu ko uku take isa.

Abin da ya fi shafar yankinmu shi ne nanobodi na karɓar teknishiyam. A Shanghai an gwada mai kama PD-L1, furotin da ƙari ke ɓuya da shi daga garkuwar jiki, a masu kansar huhu, sakamako ya fito a 2019, sannan mai kama HER2 a masu sankarar mama, duka da kyamarar gama. Sassan nukiliya da ke Asibitin Koyarwa na Ibadan, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da Korle Bu a Accra, da Cibiyar Aisotof ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, a kan kyamarar gama da teknishiyam aka gina su. Janaretan teknishiyam daga waje ake shigo da shi, Afirka ta Kudu na cikin manyan masu samar da uwarsa, molibdinam-99, wadda rabin wa'adinta awa 66 ne. Kowace rana da ya kwana a filin jirgi, fiye da kashi ɗaya bisa biyar na ƙarfinsa ya tafi. Amma dai hanya ce da ake da ita a hannu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: ƙoda. Bayan matata ta bar nanobodi ya wuce, bututun ƙoda kan sake tsotse shi, su narkar da furotin, ƙarfen mai radiyeshan kuma ya maƙale a ciki. A hoto ƙoda biyu da mafitsara kan fi komai haske. Ana rage wannan da ƙarin ruwa mai lisin da arjinin, ko Gelofusine, da shan ruwa da yawan fitsari, amma ba ya gushewa. Ƙarin da ke ƙoda ko maƙwabtanta ba aikin nanobodi ba ne. A gwajin Brussels hanta da hanji ma sun ɗauka. Sannan hannu ɗaya ne, ga gajeren zama a jini: inda furotin da ake nema kaɗan ne a kan ƙari, zai iya wucewa bai bar abin gani ba. Hujja kuma ba ta yi kauri ba tukuna. An amince da nanobodi a matsayin magani, caplacizumab, a Turai a 2018, don wata cutar jini, wanda ya nuna jikin mutum na karɓarsa. Amma na hoton sankara galibi suna matakin gwaji na ɗaya da na biyu, a kan mutane gommai.

Abokan hamayya daga waje

Ba adalci ba ne a yi wannan kwatance a manta da su. FDG, sukari mai fulorin-18, yana nuna duk inda ake cin sukari da haɗama, radiyeshan kusan milisibat 7, hoto bayan awa ɗaya. Ba ya faɗa maka wane furotin ƙari ke ɗauke da shi, kuma tarin fuka da kumburi na haske da shi, abin da mai karanta hoto a ƙasashenmu ba zai yi wasa da shi ba. A kansar furostet kuwa ƙananan sinadarai masu kama PSMA, furotin da ke kan ƙwayoyin wannan kansa, sun cinye filin: FDA ta amince da na galiyam-68 a Disamba 2020, bayan an daina yin ProstaScint, cikakken antibodi mai indiyam na 1996, wanda wurin da yake kamawa a cikin ƙwayar yake, ba a bayanta ba. Akwai kuma afibodi, ɗan furotin mai kusan kilodalton 7 da ba daga antibodi ya fito ba, wanda aka gwada wa HER2 a Uppsala ta Suwidin. Halinsa da matsalarsa ta ƙoda kusan ɗaya ne da nanobodi.

| | Cikakke | F(ab')2 | Fab | Minibodi | Nanobodi |
|---|---|---|---|---|---|
| Nauyi, kilodalton | 150 | 110 | 50 | 80 | 12–15 |
| Hannun kamu | 2 | 2 | 1 | 2 | 1 |
| Jira kafin hoto | kwana 4–7 | kwana 1–2 | awa 2–24 | kwana 1–2 | awa 1–3 |
| Aisotof | zirkoniyam-89, aidin-124 | tagulla-64, indiyam-111 | teknishiyam-99m, tagulla-64 | zirkoniyam-89 | galiyam-68, fulorin-18, teknishiyam-99m |
| Gaɓar da ke haske | hanta, saifa, jini | hanta, ƙoda | ƙoda | hanta, saifa | ƙoda, mafitsara |
| Taruwa a ƙari | mafi yawa | da dama | kaɗan | da dama | kaɗan, amma da wuri |
| Radiyeshan | mafi yawa | matsakaici | ƙasa | da yawa | ƙasa |
| Tsadar samarwa | babba | babba | matsakaiciya | babba | ƙarama |
| Jure ajiya | sai firji | sai firji | da dama in an busar | sai firji | ya fi kowa |

Wa ya kamata ya ɗauki me

In ƙarin a ƙoda yake kuma ana son a san irinsa kafin a yanka, cikakken antibodi ne, girentuximab, ba tantama. Haka nan in ana son a ga ko wani takamaiman maganin antibodi na isa ƙarin kafin a zuba miliyoyi a kansa, ko kuma furotin da ake nema ƙalilan ne sai an ba shi kwanaki ya taru. Sharaɗin shi ne majiyyaci na da ƙarfin jira da halin dawowa.

In tambayar "akwai HER2 ko PD-L1 a duk wuraren nan?" ce, ana son amsa a rana ɗaya, ko ana son a maimaita hoton sau biyu ko uku a tsawon magani, nanobodi mai galiyam ya fi, in akwai PET. Matashiya, ko wanda ya riga ya sha hotuna masu radiyeshan da yawa, ya fi cancanta a bi da shi ta nan. A duba aikin ƙoda tukuna.

Mai shan maganin tayar da garkuwa da ake son a san ko sojojin sun shiga ƙarin, minibodin CD8 ne ya fi nisa a wannan tambaya, kuma ta ƙofar gwaji kawai ake samunsa.

Sashen da kyamarar gama da janaretan teknishiyam kawai yake da su, ya cire cikakken antibodi da minibodi daga lissafi tun farko, agogonsu bai zo ɗaya ba. Zaɓinsa tsakanin Fab da nanobodi ne. Ɗalibin da ke da shekara biyu da ɗan kuɗin bincike ya fara da Fab daga trastuzumab, a kan ƙwayoyi da ɓeraye, domin kayan na samuwa kuma zai koyi liƙawa da auna tsafta. Sashen da ke shirin shekara goma, nanobodi ya kamata ya sa a gaba, ta haɗin gwiwa da wata cibiya da ta riga ta mallaki wanda aka gwada, da tsangayar likitan dabbobi in ana son a samar da sabo. Raƙumin dai ba sai an yi odarsa ba.

Ɗan uwan majiyyaci da aka ce masa za a yi irin wannan hoto a waje, ya yi waɗannan tambayoyi kafin ya biya: an amince da wannan allura ne ko gwaji ne, in gwaji ne me ya sa ake karɓar kuɗi, kwana nawa tsakanin allura da hoto, an duba ƙoda, an kuma tabbatar babu juna biyu ko shayarwa, sannan in hoton ya nuna kaza, wane magani za a canza. In likita ya ce ko me hoton ya nuna maganin ɗaya ne, a bar kuɗin a sayi maganin. In kuma abin da ake so kawai a san iyakar inda kansar ta kai, FDG ko CT mai kyau ya isa, a furostet kuma PSMA, sannan a ciri nama daga wurin da ya fi ba da shakka.